Masaƙarsu ta mutu an yi mata sutura, tamu tana yashe a Kakuri

Wata tsohuwar Baturiya ce ta hana ni barci daren Asabar ɗin da ta wuce, alhali ko kallona ba ta yi ba. A saman benen tsohuwar masaƙar Salts na gan ta, a garin Saltaire, tafiyar kamar minti 10 a jirgin ƙasa daga Bradford ta Ingila inda nake zaune da iyalina. Tana dogara sanda, jikarta na riƙe da hannunta, suka tsaya gaban wani tsohon hoto na mata a jere bakin injinan saƙa. Sai ta jingine sandar, ta juyo ta fuskanci yarinyar, ta shiga motsa baki ba sauti, tana buɗe leɓe sosai kamar mai magana da wanda ke ƙetaren kogi. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Tsohuwar ta ce mata, haka muke hira a nan, ƙarar inji ba ta barin ka ji ko muryar kanka, bakin mutum kake karantawa.

Gabana ya faɗi, domin haka Baba yake yi, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekara 26 ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a Kaduna. In kana masa magana ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo. Muna yara mun ɗauka tsare gida ne, sai da muka yi wayo muka gane kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Inna takan ce mana, ku zagayo ta damarsa. In ya dawo aikin dare da asuba, ƙurar auduga ta kwanta masa a gira da gemu fari fat, sai ya jingine kekensa a zaure ya karkaɗe hularsa kafin ya yi alwala.

Ƙaramar 'yata, mai sunan Inna, ta ja ni da riga.

"Abba, me ya sa ka yi shiru?"

Na ce, "Uwata, kakanki ma irin wannan aikin ya yi."

Ta ce, "To idan mun je gida za ka kai ni in ga wurin? Akwai hotonsa a bango?"

Har muka sauko daga benen ban amsa mata ba.

Bari in kwatanta muku wurin, don wanda bai gani ba zai ɗauka irin kantunan zamani ne masu gilashi. Ko kusa. Gini ne na dutse ruwan ƙasa-ƙasa, dogo, mai hawa-hawa, tagoginsa a jere har ido ya gaji da ƙirga, ga bututun hayaƙi ya tokare sama ana hango shi tun daga nesa. Layin dogo ya bi ta gabansa, ta bayansa kuma wata hanyar ruwa ce da aka haƙa tun daga Leeds har Liverpool, wadda a da ake jigilar kaya a kanta, yanzu sai agwagi da 'yan jiragen shan iska. Shiga kyauta ne. Kana shiga ƙamshin furanni zai tarbe ka, an zuba su cikin manyan tuluna, wani kiɗa na tashi a hankali. Daɓen na nan na asali, faffaɗan duwatsu da ƙafafun ma'aikata suka goge har suka yi santsi, wani wurin ma ya ɗan lotsa. Ginshiƙan ƙarfen da suka riƙe rufin su ne dai na da, fenti kawai aka yi musu. A tsakanin ginshiƙan nan, inda injina suka taɓa tsayawa, an rataye zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford da ya yi suna a duniya, an jera tebura cike da littattafai da alƙaluman zane da takardu.

Hawa na gaba akwai kantin littattafai mai faɗin gaske, da wurin cin abinci inda mutane ke layi a ba su kujera, da kantin kayan gida: tukwane, wuƙaƙe, kujeru, fitilu. Na ɗaga wata buta ta dafa shayi na juya gindinta na ga farashi, na mayar da ita da hannu biyu. Kuɗinta zai ciyar da gida guda a Makera na tsawon makonni. Akwai masu sayar da kayan tarihi, da masu kekuna, da masu rigunan hawan dutse, har da wani kanti da ba ya sayar da komai sai kayan kiɗa irin na zamanin da. Tsofaffi suna zaune da kofin gahawa suna kallon taga, matasa na ɗaukar hoto, iyaye na tura jarirai a keke. Ban ga ko takardar alewa a ƙasa ba.

Wanda ya gina wurin sunansa Titus Salt, attajirin ulu. A 1836 ya ci karo da wasu diloli na gashin alfaka, wata dabba ta ƙasar Peru 'yar uwar raƙumi, an yasar da su a wani sito a Liverpool ba mai so. Ya gano yadda za a kaɗa shi a saƙa yadi mai sheƙi, daga nan arzikinsa ya bunƙasa. Bradford ta lokacin hayaƙi ce da ƙazanta da cunkoso, kwalara ta yi ɓarna a 1849, sai ya kwashe aikinsa ya fita bayan gari bakin kogin Aire. Ya buɗe masaƙar ranar 20 ga Satumba 1853, ranar da ya cika shekara 50. Ma'aikata wajen 3,000, injinan saƙa 1,200, suna fitar da yadi 30,000 a kullum. Sannan ya gina wa ma'aikatan gari sukutum: gidaje sama da 800, makaranta, asibiti, coci, wurin wanka da wanki, gidajen tsofaffi marasa galihu, amma bai yarda an buɗe mashaya ba. Sunan garin ma sunansa ne aka haɗa da na kogin. Gidajen nan har yau da mutane a ciki, na bi layukan da ƙafata na ga shanya da tukwanen furanni a ƙofa.

To amma ita ma ta mutu. Wannan ne abin da nake so mutanenmu su ji da kyau. Kayan waje masu araha sun kashe masaƙun Ingila kamar yadda suka kashe namu. A 1986 aka kashe injinan Salts, shekarar da mu kuma aka ƙaƙaba mana tsarin tsuke bakin aljihu. Bambancin shi ne shekara guda kacal ginin ya yi a rufe. A 1987 wani ɗan kasuwa ɗan Bradford, Jonathan Silver, ya saye shi, ya buɗe ɗakin nuna zane a ƙasa, ya ba kamfanoni hayar wasu sassan, kantuna suka biyo baya. Ya rasu a 1997, iyalinsa suka ci gaba. A 2001 UNESCO ta sa garin baki ɗaya cikin wuraren tarihi na duniya.

Ba zan ce komai na wurin alheri ne ba. A zamanin Salt yara ƙanana rabin yini suke a makaranta, rabi a bakin inji. Mutumin ya kyautata, amma shi ne mai aiki, shi ne mai gida, shi ne mai doka. Kuma kantin tukwane ba zai taɓa ɗaukar mutum 3,000 aiki ba. Na san wani dattijo ɗan Fakistan a masallacin unguwarmu, cikin waɗanda suka zo tun shekarun 1960 suka riƙe aikin dare a masaƙun Bradford, ya ce mini shi bai ga abin da zai kai shi wurin ba, shayin da ake sayarwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Na ji maganarsa, kuma tana da nauyi. Duk da haka in ya ga dama gobe zai iya hawa jirgi, ya riƙe hannun jikansa, ya nuna masa daɓen da irinsu suka taka. Ni ba ni da wannan.

Ba sai na gaya muku yadda Kakuri take ba. Wanda ya tashi a Kaduna ya san jiniyar canjin aiki, ya san yadda kekuna ke cika titi har mota ba ta samun hanya, ya san masu tuwo da masu shayi da ke kwana a bakin ƙofa. Sardauna ne ya tsaya aka kafa masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited), ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire, nan bayan tsaunukan da nake hangowa daga tagar ɗakina. Masaƙun Arewa da Nortex da UNTL (United Nigerian Textiles Limited) suka biyo. Audugar Funtua da Gusau da Malumfashi ce ke shiga ta fito akoko da atamfa. Manomi ya samu, mai gurza ya samu, direba ya samu, ɗan Kantin Kwari ya samu. Sai wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, injina suka tsufa ba a canza ba, 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da atamfar Sin, wata ma an kwaikwayi zanenmu an buga. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. An ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa, wasu suka ɗan motsa, yawancin ƙofofin Kakuri dai ba su sake buɗewa ba.

Zuwana gida na ƙarshe na sa ƙanena ya bi da ni ta wajen masaƙar da Baba ya yi wa aiki. Ciyawa ta fi ni tsawo. An ɗaye kwanon rufi ta gefe guda, bishiya ta tsiro ta cikin taga, awaki na kiwo a inda ake ajiye kekuna. Maigadi ya ce ba a shiga. Na ce mahaifina ya yi shekara 26 a nan. Ya ce Allah sarki, Allah ya jiƙansa, amma ba a shiga. Ban ga laifinsa ba, umarni aka ba shi. Ko allo guda babu da ke cewa a nan dubban mutane suka ci abinci, suka yi aure, suka aurar, suka je Makka.

Na san abin da wasu za su ce: kana can cikin sanyi kana gaya mana yadda za mu yi, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wasu za su ce mutumin da ke neman na masara ina ruwansa da gidan tarihi. Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo, don tana nufin talaka ba shi da abin tunawa sai cikinsa. Ƙarya ne. Mu ne mutanen da maroƙi zai tsaya ya lissafo kakannin mutum bakwai ba tuntuɓe. Mu ne muka riƙe marinar Ƙofar Mata ɗaruruwan shekaru. Mun iya tunawa, sai dai sarakuna da attajirai muke tunawa, lebura kuwa ranar da ƙarfinsa ya ƙare ranar sunansa ke ɓacewa. Dalar gyaɗa ta tafi, sai a hoto. Rumbunan masana'antu a Sharaɗa da Bompai, da yawa sun koma sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Ina mai kuɗin Arewa guda ɗaya da zai dubi kango irin na Kakuri ya ga wani abu ban da fili da za a yanka a sayar?

Ni ban ce a mayar da Kakuri wurin sayar da butar shayi mai tsada ba. In da so samu ne injin ya sake juyawa, don mu har gobe muna noma auduga, muna da mata miliyoyi da ke ɗaura atamfa kullum, ba kamar Ingila ba da ta riga ta rufe wannan babi. In kuwa ba zai juya ba, to a gyara rumfa guda, a bar inji biyu ko uku a tsaye, a ba teloli da marina da masu ɗinkin hula da masu saƙar hannu wuri, a rubuta sunayen ma'aikata a bango. Amma kafin fenti, kafin allo, a biya mutane haƙƙinsu. Sau nawa muka ga tsofaffin ma'aikatan masaƙu da matan waɗanda suka rasu sun fito titi da kwalaye suna neman kuɗin sallama? Baba ya yi ta zarya zuwa taron ƙungiya da takardunsa cikin leda, duk wata a ce wata mai zuwa. Ya koma sayar da goro a tire a bakin masallaci. Har ya koma ga Allah ko kwabo bai karɓa ba.

Ina nan Bradford aka kira ni aka ce an yi masa sutura, an kai shi. Ban ga gawarsa ba, ban sa hannu a makararsa ba, sai bayan wata bakwai na samu zuwa na tsaya a kan kabarinsa. Tun ranar nake ɗauke da wannan abu a ƙirji, kuma ina jin shi ne tsohuwar nan ta taɓo ba ta sani ba. Ita tana da wurin da za ta kai jikarta ta ce a nan na tsaya. Ni na kawo 'yata ƙasar wasu, tana ganin kakannin wasu a bango, nata kuwa ko muryarsa ba ta tuna ba.

Da muka dawo gida na kira Inna bayan isha'i. Na tambaye ta ko katin aikin Baba yana nan. Ta ce yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun sallamar da ba a biya ba, ta naɗe su cikin ƙyallen atamfar da ya kawo mata daga wurin aiki shekarar da aka haife ni. Na ce ta sa ƙanena ya ɗauki hotonsa ya turo. Ya iso da safe: Baba da ƙuruciyarsa, ba furfura, lambar aikinsa a ƙasan hoton, gefen katin ya cinye saboda gumin aljihu. Na kai an wanke shi babba, na sa a firam, na rataye a falo daidai tsawon da takwarar Inna za ta iya gani ba sai an ɗaga ta ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni wane kunnen ne ba ya ji.