Abaya mai aljihu da shuɗin da ya bi Goggo biki

Dabarar tawa ba ta da wuyar faɗa: abaya da yadin rinin Ƙofar Mata, aljihu biyu a gefe, mace ta jefa waya da kuɗin Adaidaita ta fita ba jaka. Duk wadda na faɗa wa sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi ni ce ta farko." A wajen karɓa kam an yi rige-rige.

Na yanko farin yadin auduga a Kantin Kwari, yadi 4 kowace abaya, na dozin guda, don Yaya Babba da ta zuba rabin jari ta ce Sallah ba ta jiran samfuri. Aka tsoma a baba, masu bugu suka buge shi har yana ɗaukar ido. Da tela ya ɗora tef sai ya ɗago ya kalle ni. Auduga tana tsukewa idan ta sha ruwa, yadi 4 ya dawo da giɓi, giɓin kuma a hannun riga ya fito. Duk mai son wannan harka ta ƙara rabin yadi tun a kasuwa, kuma kada almakashi ya taɓa yadin sai ya dawo daga marina an sake awo.

Aljihun da nake taƙama da shi ya fi ba ni kunya. Zurfinsa inci 8, bakinsa inci 6, waya na shigewa lafiya lau. To amma abaya ba ta da ɗinkin ƙugu da zai riƙe nauyi. Ana jefa waya sai gefe ɗaya ya zube, wuya ya karkace, mace na tafiya kamar mai sauraron gulma ta katanga. Gyaransa siririn ƙyalle ne ta ciki, daga saman aljihu zuwa ɗinkin kafaɗa, sannan a maimaita ɗinki a bakin aljihun sama da ƙasa. Tela ya san haka sarai. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ai Hajiya ba ki ce waya za a saka ba."

Sai Goggo, wadda ta ɗauki tata a kan za ta biya "idan an kwashi adashi", ta sa ta tafi biki ana zafin bazara. Baba da ba a ɗauraye sosai ba yana zuba da gumi. Kafin la'asar damatsanta sun yi shuɗi, farar kujerar masu biki ta samu hatimi. Gwajin kuwa na minti ɗaya ne: a jiƙa farin ƙyalle a goga a jikin yadin, in ya ɗauki launi a koma ɗauraya da ruwan sanyi har sai ruwan ya washe. A yi wa rigar shafi mai duhu kuma.

Da muka zauna lissafi da Yaya, farashin da na sa wa abayar, kuɗin yadi da ladan tela kawai ya rufe. Rini, bugu, shafi, zare, ledar saka kaya, zirga-zirgar Adaidaita, da kuɗin fetur da tela ke ɗorawa lokacin Sallah, duk daga aljihuna suka fita. Yanzu kowane ɗaya yana da layinsa a littafi kafin a ɗora riba, kuma babu yanka sai an ajiye rabin kuɗi kafin alƙalami, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Ranar da Goggo ta yi sallama na shirya shan faɗa. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, "Ke 'yar nan, shuɗin ya fita. Wata nake so." Sharaɗinta a ƙara wa aljihun inci 4, a shimfiɗa masa leda ta ciki, saboda naman biki. Ƙawayenta uku ma suna so, kuma su da kuɗinsu a hannu. Batun adashi dai har yau ba a zo kansa ba.