wu;qtq

Mako biyu ina cika wa 'yan fadarmu ta Ali Ɗan Sofo baki kan NixOS, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Na ce musu ni yanzu ba na danne-dannen saiti, takarda ɗaya nake rubutawa, configuration.nix, in faɗa wa kwamfuta yadda nake son ta kasance: agogo Africa/Niamey, manhaja kaza da kaza. In buga nixos-rebuild switch, ta bi umarni. Har tarihi na ba su, yadda wani ɗan ƙasar Holan, Eelco Dolstra, ya soma Nix, tushen NixOS, a 2003. Ba wanda ya tambaye ni.

Ran Asabar na kawo kwamfutar fada. Don burga na share layuka biyu masu "fr", na ce tarkacen Faransa ne. Na sake ginawa, na kashe, na kunna.

Kalmar sirri ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na goge yatsu a riga, na buga a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta ƙi. Ashe layukan nan su ne ke gaya mata madannaina na Faransa ne, AZERTY. Da na cire su sai ta koma tsarin Amurka: A ya zama Q, Z ya zama W, M kuwa ya zama waƙafi mai ruwa (;).

Ni ban gano ba. Sai na buga kalmar a gurbin suna, inda haruffa ke fitowa fili, don in gani. Ta fito: wu;qtq.

Mai gyaran wayar nan, kun san shi, wanda jikkata biyu ke hannunsa tun ƙaramar salla, kullum sai "gobe in Allah ya kai mu", mutumin da bai taɓa sayen sukari a fada ba amma kofin farko nasa ne, shi ya leƙo ta kafaɗata. Ya dubi allo, ya dubi madannai, yana bin su da yatsa.

"Zu... ma... ta. Zumata! Malam, wace ce zuma?"

Mai shayi ya ajiye buta don dariya. Na ce sunan akuyarmu ne. Aka ce a gaida akuya.

Gyaran bai kai minti biyu ba, tunda NixOS na ajiye tsohon saiti a jerin da ke fitowa wajen kunnawa. Na zaɓi na jiya, komai ya dawo. Lokacin kowa ya koma kan karta. Jikka biyun dai har yau.