Ranar da na je ceton ɗana a Gulbi

Tun ina yaro aka raba ni da ruwa. Innarmu, Allah ya jiƙanta, tana da wata dabara: duk yammacin damina in na shigo gida, sai ta kama ƙwaurina ta karce da farce. In farin layi ya fito, an je Gulbi ke nan, sai a ɗauko tsumagiya. Ban ga laifinta ba. Ta taso da labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari har mutane suka hauro tudu, don haka a wurinta Gulbi tsohon abokin gaba ne mai dawowa kowace damina.

Haka na kai shekara 43, ruwan da na ƙware a kansa bai wuce na bokiti ba. Karcen nan kuwa na gaje shi, ina yi wa babban ɗana mai shekara 12. Kullum ƙwaurinsa sumul, har sheƙi yake. A majalisa ma sai in riƙa cika baki: ni nawa yaron ko hanyar Gulbi bai sani ba.

A watan Agustan bara muka tashi duba gonar gero a hayi. Ruwa ya ɗan ja baya, mutane na ƙetarewa da ƙafa, iya cinya. Na naɗe wando, na ɗora takalma a ka, yaro na gaba yana jan jarka babu komai a ciki, da igiya a wuyanta. Abin da na manta shi ne, da rani masu amalanke na haƙar yashi a tsakiyar Gulbin nan su bar ramuka, ruwan damina kuma launin kunun kanwa gare shi, ba ka ganin ko yatsan ƙafarka.

Ina kallo, zurum, yaro ya ɓace.

Na yi kukan kura na daka tsalle. Sai da ƙafafuna suka bar ƙasa na tuna wane ne ni.

Masu cewa mai nutsewa yana ihun neman taimako ba su taɓa nutsewa ba. Ina sararin ihu? Da na buɗe baki sai Gulbi ya shiga. Rigata ta kumbura ta rufe mini fuska, ina dukan ruwa kamar mai sussukar gero. Na fara kalmar shahada, a tsakiya na tuna mutum huɗu da nake bi bashi a kasuwa ba tare da shaida ba, baƙin ciki ya sa na ƙara kwankwaɗar wani.

Sai na ji ƙum a tsakar ka. Jarka ce.

“Baba, rungume ta! Kar ka kama ni, jarkar za ka kama!”

Na ɗago ido ɗaya. Ga ɗan da na zo ceto can gefe, yana yawo a kan ruwa kamar agwagwa, igiya a hannu. Haka ya jawo ni bakin gaɓa kamar an kamo tarwaɗa. Na yi ruf da ciki ina mayar wa Gulbi kayansa, wasu mata masu itace suna yi mini sannu, suna kuma toshe baki da gyale. Takalmina ɗaya tuni ya kama hanyar Tibiri.

Da numfashi ya dawo na ce, “Kai, wanga yaro, yaushe ka iya ruwa?”

“Damina ukku ke nan, Baba.”

“To, karcen fa?”

Ya sunkuyar da kai. Ashe man gyaɗa yake shafawa kafin ya shigo gida. Shekara uku uwargida na ƙorafin mai na saurin ƙarewa, ni kuwa har na yi wa mai awo faɗa cewa ta rage ludayi. Na waiga neman tsumagiya, na ga hannuna na karkarwa, kuma wa zan daka? Ya ce wani tsoho masunci ne ya koya musu, abu na farko da ya faɗa kuma shi ne, mai nutsewa ba ya sanin uwa ba ya sanin ɗa, in ya cafke ka tare za ku tafi. Sanda ake miƙa masa, ko rawani, ko a jefa jarka. Wato duk abin da na yi, shi aka ce kar a yi.

Yanzu ranar Lahadi muna hawa babur zuwa tafkin Madarunfa, can bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ana cewa waliyyai 99 ne kwance kewaye da tafkin nan, ni kuma ba na so in cika ɗari ba tare da walittaka ba, shi ya sa nake bin umarnin malamina sau da ƙafa. “Baba, kwanta rigingine. Saki jikinka, ruwan zai ɗauke ka. Baba, ba a sha!” Wata biyu na yi kafin in yarda cewa mai tumbi irin nawa zai iya kwanciya a kan ruwa. Kuɗin makaranta kuwa soyayyen kifi ne, shi ke zaɓa.

Makon jiya na dawo da magariba, na ce wa uwargida daga ɗaurin aure nake. Ba ta ce komai ba. Ta durƙusa kamar za ta gaishe ni, ta kama ƙwaurina ta karce.