Iya mashin a Kaduna daban, iya shi a garin mutane daban

Duk yaron da ya tashi a Tudun Wada, Rigasa ko Unguwar Shanu, da wuya ya kai shekara goma sha biyar bai iya mashin ba. A kan Jincheng ɗin yayansa ya koya, ko roba-robar gidansu da ake aikensa cefane da ita. Kafin ya gama sakandare yana iya kutsawa tsakanin Keke da bas a cunkoson Kasuwar Barci ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Ban raina wannan ƙwarewar ba. Abin da ke damuna shi ne ranar da yaron nan ya samu biza.

Mutanenmu suna fita sosai yanzu. Ɗalibai na tafiya Yuganda, Maleshiya, Indiya, Sayifurus da Kwatano. 'Yan kasuwa na zuwa saro kaya, wasu kuma na raka marasa lafiya asibitocin Indiya su yi watanni suna jinya. A yawancin wuraren nan mashin ne abin hawa mafi sauƙi da araha, wani wurin ma da kuɗi kaɗan za a ba ka hayarsa na wata guda. Sai ɗan Kaduna ya dubi yadda suke tuƙi ya yi murmushi, ya ce ai waɗannan yara ne. Ra'ayina, kuma na san samari za su yi mini ca a kai, shi ne baƙo bai da dalilin riƙe kan mashin a watanninsa na farko a ƙasar da ba tasa ba, komai iyawarsa. Wanda ma ya fi iyawa shi na fi ji wa tsoro.

Rabin abin da muke kira iya mashin sanin halin mutanen hanya ne. Ka san mai Keke zai tsaya cak a Kawo ba tare da sigina ba da zarar ya hango fasinja. Ka san in direban tirela ya danna hon a Baifas, ba gaisuwa yake yi ba. Ka san inda rami yake a layinku ko da an ɗauke wuta. Ba tunani kake yi kafin ka kauce wa waɗannan ba, jikinka ne ya haddace. To wannan haddar ce ke zama tarko a wani gari, don kuwa jiki zai yi abin da ya saba tun kafin ƙwaƙwalwa ta tuna cewa an canja ƙasa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Ɗauki maganar hannu. Tun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, saboda haka duk wanda bai kai hamsin ba bai taɓa sanin wani hannu ba. Amma Yuganda, Kenya, Tanzaniya, Indiya, Pakistan, Maleshiya, Indonesiya, Tailan, Sayifurus da Ingila duk ta hagu suke bi. Za ka ce ai wannan abu ne mai sauƙi, mutum ya bi sahun motoci kawai. Haka ne, a titin da ke cike da motoci ba ka cika ɓata ba, su za su yi maka jagora. Matsalar tana titin da babu kowa. Ka fito daga masallaci bayan asuba, ko daga gidan mai da daddare, ka karya kwana, sai hannunka ya kai ka gefen dama kamar yadda ya saba, ka yi ta tafiya hankali kwance a hannun masu tahowa. Shataletale kuwa juyawarsa akasin tamu ce, motar da za ta buge ka daga dama take zuwa alhali kai hagu kake leƙe. Mafi muni shi ne lokacin firgita. In mota ta taho maka gaba da gaba, ɗan Kaduna dama zai kauce, shi kuma direban can hagunsa zai kauce, wato wuri ɗaya za ku nufa.

Sai shi kansa mashin ɗin. Wanda ake bayarwa haya a Indiya, Tailan da Indonesiya galibi ƙaramin nan ne marar giya, irin su Honda Activa, murɗa totur kawai ka tafi. Kallon abin wasan yara ake masa, amma duba da kyau. A Boxer ko Jincheng, abin matsawa na hannun hagu kuloci ne, birkin baya kuma a ƙafar dama yake. A wannan kuwa babu birkin ƙafa sam, abin da ke hannun hagu shi ne birkin baya. Wanda ya saba damƙe kuloci gaba ɗaya in zai rage gudu, ranar da yaro ya ɓullo masa a guje zai damƙe birki da ƙarfin da ya saba damƙe kuloci, ƙafarsa kuma tana laluben abin da babu. Taya ta kulle, mashin ya goce. Ga tayoyin ƙanana, ramin da Boxer za ta haye ko a jikinta, wannan sai ya watsar da kai. In ka haɗa da yashi a kwana ko ruwan farko da ya tayar da santsin mai a kwalta, an gama.

Hular kwano kuwa, kunya ma nake ji in fara maganarta, don kowa ya san tarihinmu da ita. A farkon 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce dole ɗan acaba da fasinjansa su sa, sai da labarin masu kifa ƙwarya a ka ya zagaya kafofin labaran duniya. Aka kuma baza jita-jitar cewa ana tsafi da hular, wai ka sa ka ɓace. Dokar ta yi 'yan watanni ta kwanta. Har yau uzurinmu bai canja ba: zafi, dauɗar kan wasu, za ta ɓata karin hula, za ta rushe ɗaurin ɗankwali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai shekarun yaran da muke turawa karatu. Ita dai hukumar ta ce hular da aka sa daidai tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari. A Indiya kaɗai mutum sama da 168,000 suka mutu a hanya a 2022, fiye da kashi 40 cikin ɗarinsu a kan masu ƙafa biyu suke. A Tailan kusan uku cikin kowane mutum huɗu da hanya ke ci 'yan mashin ne. Waɗannan 'yan gari ne fa, waɗanda suka san hanyar.

A lura da "daidai" ɗin nan. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ce ke fara tashi kafin kai ya isa kwalta. Wadda masu haya ke miƙo maka, mai kama da ta leburan gini, don ɗan sanda aka yi ta. In za ka daɗe a gari, sayi taka mai rufe haɓa, ka duba tambarin inganci a bayanta, ECE ko DOT, a Indiya kuma ISI. Ka sa ta ka girgiza kai, in tana rawa ta yi maka yawa. Mai ƙyamar gumin wasu ya sa 'yar siririyar hula a ciki. A Kigali kowane ɗan acaba da hula biyu yake yawo, ba kuma zai ja ba sai ka sa taka. Ba a ji wanda ya ɓace ba.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da sauran baƙi, wato sutura. Turawa matsalarsu gajeren wando, mu tamu yalwar tufa. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya taɓa gani ko ya ji labarin matar da hijabinta ya shiga tayar baya. Abin ba ya ba da sanarwa. Gefen hijabin yana kaɗawa a iska, sai waya ɗaya ta taya ta kama shi, cikin ƙiftawar ido ya nannaɗe, ya fizgo ta ta wuya zuwa baya. Abaya, gyale, jallabiya da babbar riga duk haka suke. Hajiya, kafin mashin ya motsa, tattara komai ki danne a cinya, ki kuma sake dubawa ta baya. Silifas ma ba takalmin mashin ba ne. Salansa kuma a gefen dama take a yawancin mashina, ta hagu ake hawa a sauka, in ba haka ba tabon ƙunar zai biyo ka har gida.

Inda na fi so a tsaya shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwa, don nan ne bambancin gida da waje yake fitowa fili. In ka faɗi a Mando, kafin ka miƙe mutane sun taru, wani ya ɗaga mashin, wani ya ce ai ɗan gidan Alhaji wane ne, a kira yayansa. In da wanda ka buga, dattawa su shiga tsakani a sasanta. In karaya ce, ko asibiti ko wurin mai ɗori, dangi kuma su yi ta sintiri da kwanukan abinci. Wannan gatan ba ya shiga jirgi da kai. A can ɗan sanda takarda zai tambaya. Lasin ɗin Najeriya aji-aji ne, na mashin shi ne ajin A, kuma yawancin masu fariyar iya mashin ba su taɓa mallakarsa ba. Lasin mota ba ya ba ka izinin tuƙa mashin, ko da ka haɗa da lasin ƙasa da ƙasa, domin shi abin da ke cikin na gida kawai yake maimaitawa. Mai ba da haya ba ruwansa, kuɗinsa yake so. Kamfanin inshora ne zai tambaya ranar da aka kai masa takardar asibiti. Yawancin inshorar tafiya ba ta biyan wanda ya yi haɗari ba lasin ko ba hula, wasu ma sun ƙayyade girman inji, kada ya wuce 125cc. Asibitin kuɗi kuma a ƙasashe da yawa sai an ajiye wani abu kafin a shiga tiyata. Daga nan sai mu wayi gari da saƙo a zaurukan WhatsApp: ɗan'uwanmu ɗalibi yana kwance a ƙasa kaza, a taimaka fisabilillahi. A yi ta karo-karo da naira ana biyan bashin dala, uwa tana Kaduna ba fasfo ba biza, sai kuka a waya.

Af, maganar fasfo. Masu hayar mashin da yawa za su ce ka bar shi jingina. Kada ka yarda, ba su kwafi da kuɗin ajiya, in sun ƙi ka ƙara gaba. Wanda ke riƙe da fasfonka shi ke yanke kuɗin duk wani ƙarzanen da ya ce kai ka yi. Ɗauki bidiyon mashin ɗin ta ko'ina a gabansa kafin ka karɓi makulli.

To in ba za a tuƙa ba, a hau na haya ke nan? Wani lokaci ba makawa. Cunkoson Kampala ba ya barin mai sauri ya guje wa boda-boda, wato acabarsu, haka zemijan a Kwatano. Amma akwai zaɓi. Masu aiki da manhaja kamar SafeBoda, Grab ko Gojek aƙalla an san sunansu da lambarsu, galibi kuma suna ba fasinja hula. A Bankok masu rajista riga mai ruwan lemo suke sawa da lamba a baya, a Kwatano ruwan ɗorawa. Ban da goyon biyu. Ban da rataya jaka a kafaɗa ɗaya ko latsa waya a hanya, masu fizge ba jakar kaɗai suke ja ba, har da kai. In ya fara gudun da hankalinka bai kwanta da shi ba, dafa kafaɗarsa ka nuna masa ya tsaya, ka biya shi ka sauka. Mu da kunyar kada a ce mun ji tsoro, sai mu yi shiru muna salati a zuci. 'Yan kasuwarmu na Guangzhou su sani birnin ya hana babura tun 2007, wanda ya ɗauke ka a kan mai ƙafa biyu a can a ɓoye yake yi, rabin hankalinsa na wurin 'yan sanda. Alhazai ma na gani a bidiyo suna ɗarewa bayan mashin tsakanin Mina da Harami don gudun tafiyar ƙafa, dattijo da harami, kai a buɗe tunda ba halin rufewa, mayafi na kaɗawa kusa da taya. Gara a yi haƙuri a jira bas.

Na san amsar da za a ba ni: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Sai dai mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu in zai tafi gida, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce ɓarawo ba ya wuce ranarsa ba.

Iyaye kuma, ku ne ke tura kuɗin. Ranar da yaro ya bugo ya ce, "Baba, makaranta da nisa, abokaina duk sun sayi mashin, kuɗin mota na cinye mini kuɗin abinci," kada tausayi ya sa a yi saurin zuwa banki. A tambaye shi ta wane hannu ake tuƙi a garin, wata nawa ya yi a can, wace lamba ake kira in an yi haɗari. A ce ya turo hoton lasin ɗin mashin na ƙasar, da hoton hular da zai saya, da shafin takardar inshorarsa inda aka ambaci mashin. In ya fara kame-kame, a lissafa kuɗin bas na zangon karatu a ƙara masa a kan na abinci, a ce maganar mashin sai ya zo hutu.