Kafin a buɗe kan tsoho, a tambayi mai kan

Shekaranjiya a wurin ta'aziyya a unguwar Rikkos da ke Jos na ji wani yana cewa, "Ai tun farko bai kamata a taɓa kan mai shekara saba'in ba." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba, amma zaman makoki ba wurin musu ba ne, shi ya sa na kawo maganar nan.

Goggona shekararta 73 lokacin da aka buɗe mata kai. Kafin nan mun shafe kusan shekara muna cewa gigin tsufa ne. Matar da ta yi shekara talatin tana tuyar masa a Gangare ba ta taɓa ɓata lissafin canji ba, sai ga ta tana zuba gishiri sau biyu a ƙulli, tana jan ƙafar hagu har silifas ɗin ya cinye ta gefe ɗaya. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wata maƙwabciya ta rantse jifa ne. Sai ranar da ta faɗi tana jijjiga a bakin tanda muka kai ta asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari ya kai ƙwan kaza, a ɓangaren dama, wanda shi ne yake juya hagun mutum.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, "ƙari a ƙwaƙwalwa" ba cuta ɗaya ba ce. Na Goggo shi likitoci ke kira maninjiyoma. Daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, ya fi kama mata, a hankali yake girma, kuma galibinsa ba ciwon daji ba ne. Danne ƙwaƙwalwa yake yi kamar dutse a kan ciyawa, in an ɗauke shi ciyawar na iya miƙewa. In ƙarami ne bai dami kowa ba, sau da yawa ko aiki ba a yi, sai dai a riƙa ɗaukar hoto ana lura da shi.

Akwai kuma giliyobilastoma, wanda ya ɗauke dattijon da muka je wa ta'aziyya. Shi wannan saiwa yake yi cikin naman ƙwaƙwalwar, ba wuƙar da ke ƙwaƙule shi kakaf. Ko an haɗa tiyata da gashi (ƙona ƙarin da hasken na'ura) da magani, rabin masu shi ba sa haura wata 15, tsofaffi kuwa ƙasa da haka. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 kan 'yan shekara 65 zuwa sama ya nuna in an haɗa gashin mako uku da ƙwayar temozolomide, tsakatsakin tsawon rayuwar da ake samu ya tashi daga wata 7.6 na gashi kaɗai zuwa 9.3. Watanni ake magana, jama'a. Sanata John McCain na Amurka an gano nasa a Yulin 2017 yana da shekara 80, ya rasu a Agustan 2018, kuma ba kuɗi ko likita ya rasa ba.

To shi wannan dattijo, 'ya'yansa fili suka sayar suka kai shi Indiya. Ban ga laifin soyayyarsu ba, Allah ya saka musu. Abin da ya tsaya mini a rai, har ya koma ga Mahaliccinsa ce masa ake yi "ɗan ruwa ne ya taru, za a zuƙe." Mutumin da yake da gidan gado a hannunsa, da basussuka tsakaninsa da abokan kasuwa, da 'yar auta da yake son ya aurar. Watannin da hankalinsa yake garau sun tafi a neman biza da zaman ɗakin haya a ƙasar da ba ya jin yarenta. Da an gaya masa gaskiya wataƙila da tafiyar zai zaɓa duk da haka. Amma ba a tambaye shi ba.

Mu ma saura ƙiris mu yi wa Goggo haka. Kwana huɗu ana kai-komo a zauren WhatsApp na dangi, na Abuja suna cewa a yi ko nawa ne, na gida suna cewa ta tsufa a bar ta ta cika da mutuncinta. Ita kuwa tana kwance a gado ba wanda ya ce mata uffan.

Likitan ne ya kunyata mu. Shekarunta sau ɗaya ya tambaya ya wuce. Abin da ya tsaya a kai: wata shida da suka wuce, ita take yi wa kanta wanka? Tana zuwa kasuwa da ƙafarta? Akwai suga, akwai hawan jini, zuciya da ƙoda fa? Tana shan asfirin? Ya ce akwai ma'aunin da suke amfani da shi daga sifili zuwa 100, mai iya kula da kansa yana kan 70 ko sama, kuma wannan ya fi takardar haihuwa faɗa musu yadda mutum zai tashi daga aiki. Ɗan 60 da suga ya cinye zai iya fin ɗan 75 mai zuwa gona shiga haɗari.

Bai kuma sa mana zuma a baki ba. Jini na iya ɓallewa a wurin aikin. Ɓarin jiki na iya shanyewa, magana na iya ɗaukewa. Ya ce a tsofaffi sau da yawa ba wuƙar ce matsalar ba, kwanciyar da ke biyo baya ce: ciwon huhu, gudan jini a ƙafa da kan tafi ya toshe huhu, gyambon baya, ruɗewa. Maganin rage kumburin da suke bayarwa ma yana tayar da suga. Daga nan ya ja kujera ya zauna dab da ita, ya ce, "Hajiya, kanki ne. Me kika ce?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Likita, in na tashi zan gane yaran nan?" Ya ce yana kyautata zato, amma alkawari na Allah ne. Ta ce, "In an bar shi fa?" Ya ce zai ci gaba da girma. Ta ce, "To a cire. Amma ku kira mini ƙanena tukuna, akwai maganar da zan bar masa."

Ba zan yi ƙarya ba, mun ga tashin hankali. Kwana uku bayan aikin tana kiran mijinta da ya rasu shekara goma sha, tana fizge robar hannunta, har na shiga bayi na yi kuka ina cewa mun cuce ta. A rana ta huɗu ta dube ni ta ce hulata ta yi datti. Ƙafar ba ta dawo duka ba, da sanda take tafiya, kuma har yau tana shan maganin farfaɗiya safe da dare.

Tuyar ta bar wa jikarta. Ita dai tana gefe a kan tabarma, rufe da bargo saboda sanyin Jos, da gwangwanin kuɗi a gabanta. Jiya na sayi masar ɗari biyar na ba da ɗari huɗu da hamsin da gangan, ban kai bakin ƙofa ba ta ce, "Kai, dawo ka cika."