Tayil ɗin maƙwabcina na sama

Wai don me muka kafa kwamitin mazauna benen nan? Doka tana nan manne a bakin matakala: kada kowa ya canza daɓen ɗakinsa sai da izinin kwamiti. Amma maƙwabcina na sama ya kwashe kafet, ya kawo leburori, kwana da kwanaki ana dukan kankare da guduma tun bayan asuba, ƙura na zubo mini a kofin shayi, sannan ya shimfiɗa tayil tsurarsa, babu abin da zai tare ƙara a ƙasa. Yanzu cokali ya faɗi a falonsa sai in ji kamar an sako mini tukunya a ka. Na san lokacin da uwargidansa ke sa takalmi mai tsini, na san yaronsa na buga ƙwallo ƙarfe 11 na dare, har daka suke yi a saman bene, jama'a, da turmi da taɓarya! Garin fashe-fashen sun taɓa bututun banɗaki, ga ruwa yana tsattsafowa ta silin ɗina, fenti ya kumbura ya yi baƙi. Na sami ciyaman, ya ce, "Malam, a yi haƙuri, za mu zauna." Yaushe? Kuɗin shara da na maigadi ba sa mantawa, ka makara kwana ɗaya sai ga sunanka a guruf ɗin WhatsApp. Wata baiwar Allah ta shanya zani a baranda an ci ta tara, shi kuwa da ya fasa bene ana ce masa ranka ya daɗe. Ashe dokar ta masu shanya ce kaɗai?