Rubutu da amsarsa: zumuncin marubuta da masu karatu a tsakanin Hausawan Sudan

Akwai wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a tsakanin Hausawan Sudan a 'yan shekarun nan, wadda har yanzu ba a ba ta matsayin da ya dace da ita ba. Mutum zai rubuta ɗan bayani a kan kafuwar unguwarsu a Gadarif, ko a kan yadda kakansa ya baro ƙasar Katsina da niyyar hajji ya yada zango a Kassala har rai ya yi halinsa, ko kuwa ya kawo baiti uku na wata waƙar biki da ya ji a bakin gwaggonsa. Kafin a kwana biyu amsoshi sun fara iso masa daga Sinnar da Damazin da Port Sudan, har da Jidda da Kano. Wani ya gyara masa sunan mai unguwar da ya ambata, wani ya cika masa baitocin da suka ɓace, wani kuma ya ce ai mutumin da ake magana a kansa kawunsa ne, kuma ga inda zuriyarsa take a yau. Ra'ayina shi ne waɗannan amsoshi sun kai rubutun da ya jawo su daraja, sau da yawa ma sun fi shi, kuma marubucin da ya ɗauke su a matsayin surutun bayan taro bai san dukiyar da ke hannunsa ba.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin tarihinmu. Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa ta hanyar Abeche da Janaina da Fashir da Ubayyid suna neman gaɓar Suwakin domin su haye zuwa Makka, kuma da yawa guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noma ko fatauci da nufin su ci gaba baɗi, baɗin da bai zo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, a garin da har yau yake ɗauke da laƙabinsa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, ƙarfin mutanenmu yana cikin abin da ya ɗauki aikin. Duk wannan sananne ne a dunƙule. Amma idan aka zo ga filla-filla, wato wane ne ya kafa wace unguwa, wane malami ne ya buɗe wace makarantar allo, wace shekara aka yi wace yunwa har dangi suka rabu, sai a tarar kaɗan ne ƙwarai aka rubuta, kuma mafi yawan abin da aka rubuta ɗin jami'an mulkin mallaka ne da masu bincike na jami'o'i suka yi shi da Turanci ko Larabci. Aiki irin na Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum, wanda ya wallafa nazari a kan Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci a 1999, abin godiya ne, sai dai mutum ɗaya ko goma ba za su iya zagaye kowane zaure ba. Sauran ilimin yana warwatse a kawunan tsofaffi, kowa da ɗan gutsurensa, kuma babu abin da yake fito da shi kamar mutum ya ji an faɗi labarin gidansu ba daidai ba.

Shi ya sa nake kallon marubuci a cikinmu kamar mai kiran gayya. Nasa shi ne ya zaɓi gonar, ya sa rana, ya fara saran farko, amma yawan abin da za a nome ya dogara ga waɗanda suka amsa kiran.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane faɗin wannan da'ira, domin yana zaton mai karatu mutum ɗaya ne da takarda ko waya a hannunsa. Yaranmu da Larabci suke karatu tun daga firamare, saboda haka akwai dubban mutane da Hausa ce harshen da suke mafarki da shi, amma ba su saba da haruffan boko ba, dattawa kuwa da yawansu allo da ajami suka sani. Abin da yake faruwa shi ne, bayan la'asar, a gindin rumfa ko a wurin mai shayi, saurayi ɗaya da ya iya boko zai karanta wa mutum bakwai ko takwas, ana zuba jabana, wato gahawa, ana katse shi. Kafin ya kai ƙarshe an yi gardama sau uku. Daga nan wani dattijo zai ce, "Ɗana, rubuta masa ka ce ba haka aka yi ba," ya shifta, yaron ya rubuta, ko kuma a ɗauki muryarsa a aika yadda take. Amsa guda da ta isa ga marubuci takan zama ra'ayin majalisa sukutum, wadda ta riga ta tace maganar kafin ta fito. Wannan wani irin bita ne da ko manyan jaridu ba kullum suke samun kamarsa ba.

Ba mu muka fara ba, kuma yana da kyau matasan da ke rubutu a yau su san haka. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wa shugabannin jihadin Sakkwato yana tuhumar hujjarsu ta yaƙar ƙasar da take ta Musulmi, Muhammadu Bello ya amsa masa, sa'an nan ya kwafe wasiƙun abokin gardamar tasa a cikin Infaƙul Maisuri. Da ya ga dama da ya kawo nasa ɓangaren kaɗai, amma albarkacin abin da ya yi, bayan shekara fiye da 200 muna iya jin bakin kowa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu na daga cikin abin da ya sa jama'a suka ɗauke ta tasu, tun daga malaman makaranta da ma'aikatan En'e har sojojin da ke bakin daga a yaƙin duniya na biyu. Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus da na Amurka da suka biyo baya, sun gina wani babban ɓangare na farin jininsu a kan amsa takardun masu sauraro, kuma ga Bahaushen da ke zaune a Gadarif ko Umdurman, jin an karanta gaisuwarsa zuwa ga ɗan'uwa a Zinder ko Daura ya kasance shaida ce cewa nisa bai cire shi daga cikin dangi ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya nuna wani amfanin wannan zumunci da babu wanda ya yi tanadinsa. Mutanen da suka gudo daga Khartoum zuwa Wad Madani sun sake ɗaukar kaya a watan Disamban wannan shekarar da garin ya faɗa hannun RSF, sa'an nan a tsakiyar 2024 dakarun suka shiga Singa, jama'ar Sinnar da kewaye suka kwarara zuwa Gadarif da Kassala. A irin wannan hali abin da mutum ya fi buƙata shi ne sunan wani da zai amince da shi a garin da bai taɓa zuwa ba. Waɗanda suka shekara suna gardama a kan asalin wata waƙa ko ranar rasuwar wani malami, ba tare da sun taɓa haɗa ido ba, sai ga shi sun zama masu masaukin juna. Ta hanyarsu ake cigiyar wanda ya ɓace, ta hanyarsu ɗan'uwa da ke Makka yake samun amintaccen da zai tura wa kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, a kai wa mahaifiyarsa, ta hanyarsu ake sanin wace takiyya, wato wurin ciyar da jama'a kyauta, ce take dafa abinci a wace unguwa. Da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasar a watan Fabrairun 2024, shirun da ya biyo baya ya sa mutane da yawa suka gane nauyin abin da suka saba ɗauka a matsayin hira. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya ne, sai dai a wannan karon alƙalami ne ya riga ya share wa ƙafar hanya.

Akwai masu suka, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu ba. Suna cewa taron da ke amsa wa marubuci shi ne kuma taron da ke yaɗa jita-jita, kuma suna kafa hujja da abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a 2022, inda rikicin ƙasa da na sarauta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu ya ci rayuka fiye da 100 a watan Yuli, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba da asarar da ta fi ta farko. A waɗannan makonni an rubuta maganganu masu zafi daga kowane ɓangare, an yaɗa labaran da ba a tantance ba, kuma ba zan ce namu mutanen duka sun tsira daga wannan ba. Amma idan aka duba da kyau, ƙarya ta fi gudu a inda mai rubutu ba shi da suna, masu karɓa kuma ba su san juna ba. A inda marubuci sananne ne, masu karatunsa sun san gidansu, shi ma ya san nasu, kunya tana aiki, kuma akwai mai iya ce masa, "Malam, ni ina garin, abin da ka faɗa bai faru ba." Maganin mummunar magana a cikin jama'a shi ne a ƙarfafa irin wannan sanayya, domin rufe bakin masu amsawa zai bar filin ne ga waɗanda ba sa jin kunyar kowa.

Ni abin da ya fi damuna daban ne, kuma daga cikin gida yake. Na farko shi ne yabon da ba ya ɗauke da komai. Addu'ar Allah ya ƙara basira abu ne mai kyau, amma marubucin da bai saba jin komai ba sai ita, ranar da aka gyara masa kuskure sai ya ɗauka an ci masa mutunci, daga nan masu gyaran su janye, a bar shi da masu tafi. Na biyu ya fi ciwo. Sau da yawa Bahaushen Sudan zai yi ƙarfin hali ya rubuta da Hausarsa, wadda shekara ɗari na zama da Larabawa ya sa ta ɗauki kalmominsu da karin harshensu, sai wani daga Najeriya ko Nijar ya bar abin da aka faɗa ya kama yi masa dariyar lafazi. Wanda aka yi wa haka sau biyu zai koma Larabci, kuma ba za a ga laifinsa ba. Hausar Kano ma cike take da Larabci da Turanci, ta Damagaram da Faransanci, babu kuwa wanda ya ce su daina rubutu. Mutanen da suka riƙe harshe tsawon zuriya huɗu ko biyar a ƙasar da ba a koyar da shi a makaranta, ba a kuma jin sa a ofis, sun cancanci a saurare su da ladabi.

Sa'an nan akwai waɗanda muryarsu ba ta cika isowa ba. Majalisar gindin rumfa ta maza ce, alhali waƙoƙin biki da na daka, da sanin wa ya auri wa, da labarin yadda aka yi tafiyar ƙafa da goyo a baya, mafi yawansu a wurin mata suke. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane wannan tun a ƙarni na 19, shi ya sa ba ta tsaya ga rubuta waƙoƙi ba, ta naɗa jajis waɗanda suke ɗaukar karatun su kai wa mata a ƙauyuka, su kuma komo mata da tambayoyinsu. Marubucin da yake son cikakken labarin unguwarsu a yau sai ya nemi ƙanwa ko 'ya da za ta karanta wa iyaye mata a cikin gida, ta kawo masa abin da suka ce, in ba haka ba rabin tarihi zai rubuta yana zaton duka ne.

Haƙƙin da ke kan marubuta a nan a bayyane yake. Wanda aka gyara wa magana ya sake fitar da ita a gyare, ya kuma ambaci wanda ya gyara masa idan mutumin ya yarda, kamar yadda malamanmu suke cewa na karɓo daga wane. Wanda ya iya, ya riƙa fitar da rubutunsa da boko da kuma haruffan Larabci, domin ɗan Gadarif ya karanta da kansa ba sai ya jira mai karanta masa ba. Abu mafi gaggawa kuwa shi ne adanawa. A wannan yaƙin an ƙone ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartoum, wuraren da suke da gini da ma'aikata da masu gadi. Abin da ke cikin wayar mutum ɗaya, wadda za a iya ƙwacewa a shingen hanya ko ta faɗa ruwa, ya fi waɗannan rauni nesa ba kusa ba. Duk marubucin da ya tara amsoshin dattawa a kan tarihin wani gari ko wata zuriya, ya kamata ya kwafe su a takarda tare da sunan mai maganar da garinsa da shekarar da ya faɗa, ya ajiye kwafi ɗaya a wurinsa, ya aika wani ga amintacce a Kano ko Jidda, tun waɗanda suka ba da labarin suna da rai ana iya komawa a sake tambayarsu.